Harshe uku a waƙa ɗaya: yadda za ka yi a Kaduna ba a yi maka dariya ba

Shekarun baya wani ango ya kawo mana aikin waƙar biki a ɗan situdiyon da nake zama a Tudun Wada. Shi Bazazzagi ne, amaryar kuwa iyayenta 'yan Ilori ne, a Kakuri aka haife ta. Ya ce a saka masa ko layi biyu ne na Yarabanci, don dangin amarya su san an yi da su. Na tsallaka wurin wani mai gyaran janareta da muke mutunci, ya rubuta min layukan a bayan takardar rasit, na kawo wa mawaƙiyarmu ta rera, muka haɗa muka miƙa. Ranar dina, layin yana zuwa sai teburin iyaye mata ya kaure da dariya, wata har tana share hawaye da bakin mayafi. Da aka tashi wata dattijuwa ta yafito ni, ta ce, "Ɗana, wa ya koya wa yarinyar nan? Ai fartanyarta take yi wa waƙa."

A Yarabanci kalmar ọkọ idan ka faɗe ta da murya a tsakiya miji ce. Ka ɗaga ƙarshenta ta zama fartanya, ka sauke shi ta zama mota. Mu kuwa waƙarmu sama take hawa a daidai wurin. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, babu wanda ya yi dariya don an ji bakin Bahaushiya a Yarabancin. Wannan ma daɗi ya yi musu. Ma'anar da ta juye ce ta ba su dariya. A kan wannan bambanci na gina duk abin da zan faɗa maka a nan. Ina cewa "kai", amma har da ke.

Fara da tambayar kanka aikin da kowane harshe zai yi

Kaduna gari ne da yaro ɗaya zai yi Hausa da mai shayi, ya yi buroka da abokinsa na Sabon Tasha, ya yi Turanci a aji, ya koma gida kakarsa ta yi masa faɗa da Jju ko Tyap ko Fulatanci ko Nufanci. Saboda haka cakuɗa harsuna a waƙa ba baƙon abu ba ne a nan. Marigayi Bala Miller da 'yan kiɗansa a garin nan suka zauna suna ɗora Hausa a kan kiɗan hailaif tun ƙarshen shekarun 1970, kuma samarin ƙungiyar mawaƙa ta YNS (Yaran North Side) su DJ AB da Ingausar titin Kaduna suka yi suna. Amma kafin ka rubuta ɗango ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane harshe da kake son sakawa, a gabansa ka rubuta dalili. Buroka don mutanen Legas da Fatakwal su iya bin amshi? Dalili ne. Fela Kuti ya iya Turancin Ingila sarai, a Landan ya yi karatun kiɗa, amma ya zaɓi buroka don kowane ɗan Najeriya ya ji abin da yake cewa. Layin Gbagyi don mahaifiyarka ce? Dalili ne babba. Idan kuwa abin da ka iya rubutawa shi ne "don a ga na waye", soke shi. Mai sauraro yana gane layin da aka cusa don burga, kamar yadda ake gane aron riga a jikin mutum.

Harshe biyu sun isa yawancin waƙoƙi. Uku ma yana yiwuwa idan na ukun ɗan yayyafi ne.

Sai ka tsayar da wace Hausar za ka yi

Mutane suna mantawa da wannan saboda suna ganin Hausa ai tasu ce. Daidaitacciyar Hausa ta littafi a kan Kananci aka gina ta, amma waƙa ba jarrabawa ba ce. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Hausar yamma suka yi waƙoƙinsu, da su "munka" da "sunka" da "shina", kuma gidan Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya yi ta watsa su har ƙasashen maƙwabta ba wanda ya ce su gyara baki. Idan kai ɗan Zariya ne ko tashin Kaduna, kana cewa "motan shi" inda Bakano zai ce "motarsa", kana iya barin abinka a waƙar titi ko rap, nan ne ma ɗanɗanon yake. A waƙar soyayya irin ta fim ko waƙar yabon sarauta kuwa, kunnen masu sauraro ya saba da bambanta namiji da mace, "rigar" da "wandon", "ce" da "ne". Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka fara baiti da Sakkwatancin aro, ka ƙare shi da Hausar Kawo. Zaɓi ɗaya ka riƙe har ƙarshe.

Bari in tsaya a kan wata kalma. Mun saba kiran Hausar da ba ta nuna ba "gwaranci". Ka tuna sunan mutane ne a cikin kalmar, Gwari, wato Gbagyi, mutanen da garin nan ya tarar a wurin. Kwaikwayon bakin wata ƙabila don a yi dariya ya daɗe a wasanninmu, amma a garin da rikicin 2000 ya raba unguwanni gaba da bayan kogi, layi ɗaya na shaƙiyanci zai iya rufe maka ƙofar rabin masu sauraronka. Ka shiga harshen mutane da sallama.

Nemo ɗan gari, kuma kada ka karɓi rubutu kawai

Kuskurena na takardar rasit ke nan. Rubutu ba ya ɗauke da murya, balle yadda muke rubutu a waya ba alamar komai. Ka nemi wanda ya sha harshen a nono, wanda har yanzu da shi yake magana a gida. Idan ka samu babba ya fi, domin yaran birni da yawa harshen iyayensu ya fara zame musu. Mai sayar da doya a Kasuwar Barci, malamar kwaya a coci a Narayi, mai nono da ke zagayawa Unguwar Dosa, duk malamai ne idan ka yi musu ladabi.

Kada ka kai masa layinka na Hausa ka ce ya fassara. Gaya masa abin da kake son faɗa, ka tambaye shi, "Baba, ku a wurinku yaya ake faɗin wannan?" Sau da yawa zai ba ka wata magana dabam wadda ta fi taka kyau, don kowane harshe da hanyar da yake bi ya ce ina sonki ko na gode wa Allah.

Sannan ka kunna rikodar waya ka ɗauke shi sau uku. Na farko ya faɗa yadda yake hira. Na biyu a hankali, gaɓa gaɓa. Na uku ka kunna masa kiɗan ƙasa-ƙasa ya faɗa a kai, ba rerawa ba, faɗa kawai. Ka koma gida ka rubuta da naka salon, yadda kunnenka ya ji, ko da ajami ne idan shi ka fi sakewa da shi. A saman kowace gaɓa ka ja ɗan layi: sama inda murya ta hau, ƙasa inda ta sauka. Ka ja dogon layi a ƙarƙashin wasalin da aka ja. Kafin ku rabu ka yi masa tambayar da ake jin nauyin yi: akwai kalmar da idan na karkace ta za ta koma batsa ko zagi? Ita waccan ọkọ ɗin, idan ka rufe wasalinta ka yi "o" irin tamu ta Hausa, kana dab da faɗin abin da ba a faɗa gaban surukai.

Ka biya shi, ko yaya ne, kuma ka sa sunansa a bayanin waƙar idan ya yarda. Kada ka ji kunyar komawa ɗalibi. Lata Mangeshkar, wadda iyayenmu suka haddace muryarta a finafinan Indiya, harshen gidansu Marati ne. A farkon fitowarta Dilip Kumar ya yi mata tsokaci a kan lafazinta na Urdu, sai ta ɗauki malami ta zauna ta koya. Daga baya ta yi waƙa da harsuna sama da 30.

Magana kafin rauji

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi gaggawa. Yawancin mawaƙa furodusa ne ke ba su kiɗa, su yi ta gunguni har su samu rauji, wato hanyar da murya za ta bi, sannan su nemo kalmomi su cusa. A Turanci wannan yana wucewa. A Hausa da Yarabanci da Ibo da Gbagyi da Jju da Tyap, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, sai an yi hattara. Fulatanci ba shi da wannan karin sautin, amma shi ma yana da dogon wasali da gajere, da baƙi mai ruɓi, kuma ba ya yafe su.

Gwada da Hausarka ka gani. Ka ce "kuka" na hawaye: gaɓoɓin biyu a sama suke. Ka ce "kuka" ta miya: ta farko sama, ta biyu ƙasa. Yanzu rera "kin sa ni kuka" da raujin da ke faɗowa a gaɓar ƙarshe. Haka "wuya" ta wahala daga ƙasa take hawa, "wuya" na sarƙa daga sama yake sauka. Gaskiya mai sauraro yakan yafe irin wannan idan sauran jimlar ta nuna masa hanya, kuma manyan mawaƙa ma ba kullum raujinsu ke bin karin magana sau da ƙafa ba. Amma a kalmar da ke ɗauke da nauyin baiti, musamman ta ƙarshen amshi da za a maimaita sau takwas, kada rauji ya yi gaba da gaba da magana. Idan maganar hawa take, raujin ya hau ko ya tsaya a wuri ɗaya, kada ya sauka.

Tsawon wasali ya fi karin sauti rashin yafiya. "Gari" na mutane gajeren wasali ne a farko, "gari" na tuwo dogo ne. Mawaƙin da ya ja gaɓar farko don ta cika kiɗa a "zan bar gari", buhun masara ya bari. Waƙar Hausa tun ta makaɗan fada har rubutacciya a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa kunnen Bahaushe ke jin tuntuɓe nan take ko bai san sunan abin ba. Dokar da nake ba yara ita ce: in za ka ja, ja gaɓar ƙarshen kalma ko wadda dama doguwa ce. Gajeriyar gaɓa a tsakiyar kalma, taɓa ta ka wuce.

Ga yadda ake yi a aikace. Kashe kiɗan. Faɗi layin da baki sau goma kamar kana gaya wa wani. Rufe baki ka yi gunguninsa, za ka ji wani ɗan rauji ya fito da kansa daga cikin maganar. Kunna ganga kaɗai, ba fiyano, ka faɗi layin a kai har ya zauna. Sai a ƙarshe ka buɗe murya ka rera, kana faɗaɗa wancan raujin da maganar ta ba ka. Idan furodusa ya riga ya kafe a kan nasa, kuma kalmar ta ƙi zama, canza kalmar. Hausa ba ta rasa wata.

Ga wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, kamar yawancin masu waƙoƙin coci daga kudancin jihar nan, abin lura shi ne ƙ da ɗ da ɓ da ts. A hira a unguwar Television ko Gonin Gora kowa yana gane "bakin ciki" da "kauna", ba mai ɗaga kai. Ba sai ka kashe kanka a kan kowace ɗaya ba. Ka bi waƙarka da biro ka zagaye wuraren da rashin ƙugiya ke haifar da wata kalma: baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗaga da daga, tsara da sara. Wata yarinya mai murya kamar sarewa ta taɓa rera mana "duniya ƙarya ce" da k, sai da na tsayar da ɗauka na ce, "Ƙanwata, kin san macen kare?" Ta rufe fuska. Minti ashirin muka yi tana riƙe numfashi a maƙogwaro tana sakin ƙ ɗin kamar ana ɓalle murfin kwalba, har ta samu. Sauran lafazinta na Kafanchan ban taɓa shi ba, da shi waƙar ta fita, kuma shi ne ya sa ba ta yi kama da ta kowa ba.

Masu saka Larabci, ku ma haka. Ƙalb zuciya ce, kalb kare ne. Ka kai layin wurin malamin da ya yi tajwidi, kuma ka tambaye shi ko abin da ka ɗauko aya ce ko hadisi kafin ka ɗora shi a kan kiɗan rawa.

Turancin wa za ka yi?

Yaro zai shigo situdiyo yana min Hausa tsantsa, ya sa abin ji a kunne, sai in ji wani ɗan Atlanta ya fito daga bakinsa. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A 1983 masanin harshe Peter Trudgill ya yi nazarin yadda mawaƙan Ingila ke rera waƙa da lafazin Amurka, ya nuna cewa su Beatles sun fara da shi sosai sannan suka riƙa rage shi da tafiya ta yi tafiya, kuma mawaƙan salon kiɗan punk na ƙarshen shekarun 1970 sun koma bakin talakawan Landan da gangan. Mutum yakan kwaikwayi bakin waɗanda yake ganin su ne masu abin. Yau kuwa da waƙar Najeriya ke cika filaye a Landan da Nuyok, da bakin Legas ake yin ta.

Akwai ma riba ta zahiri a lafazinmu. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Turancin Najeriya ba ya furta r ta ƙarshe, saboda haka fire tana fita "faya" ta yi amsa-amo da "baya" da "ƙaya", water ta zauna kusa da "wata" da "mata". Ka murɗa harshe irin na Amurka, ƙafiyar ta watse.

Abin da za ka gyara a Turanci kaɗan ne, amma ka gyara shi. P da f: Bahaushe yakan haɗe su, sai pull ta koma full, pray ta rasa kanta. V da b haka. Wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, street ta zama "sitirit", yana ƙara maka gaɓoɓi biyu da kiɗan bai yi musu wuri ba. Sai nauyin kalma: kowace kalmar Turanci tana da gaɓar da ake dannawa, forever a tsakiya, promise a farko, kuma wannan gaɓar ce ya kamata ta faɗa kan bugun ganga. Wanda ya ga waɗannan sun yi masa yawa ya koma buroka, ita ba ta da wannan fitinar, kuma ta fi kwanciya kusa da Hausa.

Inda ake sauya harshe

A gaɓar magana, inda za ka iya yin numfashi. Ƙarshen ɗango, ko bayan "amma", ko tsakanin kira da amsawa:

Na jira ki a gadar Kawo
You say today, you say tomorrow

Kowane layi ya tsaya da ƙafarsa, kuma na biyun ya ƙara wani abu. Kada ka ɓata ɗango kana fassara abin da ka riga ka faɗa. Amshi kuwa ka ba harshen da mafi yawan mutanen da kake hari za su iya rerawa, da kalmomi kaɗan masu buɗaɗɗen wasali. Harshen da ka fi rauni a ciki, ba shi gajeren wuri, inda kiɗa ya lafa.

A gaban makirfo

Ranar ɗauka ka zo da malaminka. Kuɗin Keke Napep da lemo ne, sun fi sake ɗauka araha. Zaunar da shi kusa da injiniya, ka ba shi izinin tsayar da kai. Ɗauki baƙon harshen layi layi, kana sauraron muryarsa a waya kafin kowanne. Idan baki yana harɗewa, a rage gudun kiɗan a yi atisaye, sannan a mayar.

Ka roƙi injiniya abu uku. Ya sa ragar nan ta gaban makirfo, ka kuma ɗan kauce gefe kaɗan, don ƙ da ts da p suna harbin iska. Ya rage amsa-kuwwa a kan baitoci, domin ita ke cinye baƙaƙe har ɗ ta koma d. Sannan ya sassauta Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya, a layukan Hausa da Yarabanci. Idan aka ƙure shi yana fizgar murya daga mataki zuwa mataki, ya goge ɗan lanƙwasar da ke cikin kalma irin "rai" ko "yau", wani lokaci ya ja gaɓa zuwa inda ma'anarta ba ta nan. 'Yan amshi ma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum uku suna furta kalma ɗaya ta hanya uku, abin da ke fita dambu ne.

Kafin ka ɗora a manhajar sauraron waƙa ta Audiomack

Tura waƙar cikin ƙaramar waya, irin mai lasifika ɗaya, don a nan yawancin mutane za su ji ta. Nemi mutum uku masu harshen waɗanda ba su san kalmomin ba, ba kuma abokanka ba. Kada ka nuna musu rubutu. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi, kowa zai ce ta yi don kunya. Kunna layin sau ɗaya ka ce, "Mama, me kika ji na ce?" Abin da ta maimaita maka shi ne abin da ka rera, ko da ba shi ka nufa ba. Idan biyu cikin uku sun kawo daidai, wuce. Idan sun ce sun ji maganar amma bakin na baƙo ne, wannan ba gyara ba ne, bar shi. Idan ɗaya ta yi murmushi ta kalli ta kusa da ita kafin ta amsa, koma situdiyo.

Waccan waƙar bikin ma sai da muka sake ta. Dattijuwar da kanta ta zo bayan kwana biyu, jikanta ya rako ta, ta zauna a kujerar injiniya da jakarta a cinya. Mun sauke raujin mataki ɗaya a kan kalmar, mawaƙiyar ta rera sau bakwai, a na bakwai ta ɗaga hannu ta ce, "To, yanzu ta yi aure."